Muhawarar ƴan takarar shugaban ƙasa: tana sauya ƙuri'a ko kallo ne kawai?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum ƴan gida. Tambaya gare ni, don Allah a amsa da hankali, ban da zage-zage. A fadarmu gardama ta kaure jiya. Wani abokinmu ya dage cewa duk ranar da aka koma zaɓe a ƙasar nan, a sa a doka: masu neman kujerar shugaban ƙasa su tsaya ƙeƙe-da-ƙeƙe a tele da rediyo a yi musu tambayoyi, wanda ya ƙi zuwa a soke takararsa. Ni na ce ɓata lokaci ne. Tun da nake ban taɓa jin mutum ɗaya a Damagaram ya ce "da wane zan zaɓa, da na ji bayanin wane sai na sauya" ba. In akwai wanda magana ta taɓa sauya wa ƙuri'a, ko ya san wanda aka sauya wa, ya fito ya faɗa mana.

Kabu_Sabongari:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni ban san wata muhawara ba, mai na sani. Lokacin zaɓen 2020, ranar mitin a cika maka tanki, a ba ka hula da riga da jikka biyu, ka bi ayari kana oda daga bakin gari har filin taro. Duk jam'iyyar da ta kira ni na je. Ranar ƙuri'a kuma na shiga na dangwala wa wanda babana ke so tun ina yaro 😂

Mushe_Issa:
Ɗan_Birni, kafin wani ya kai mu Amurka ko Faransa, a duba tarihinmu tukuna. A Nijar ba gaban kyamara ake cin zaɓen shugaban ƙasa ba. Tsakanin zagaye na farko da na biyu ake cinsa, a falon wani, da dare.

A 1993 Tanja ne ya zo na ɗaya a zagayen farko da kashi 34 cikin 100, Mahaman Usman, wato Nafarko, na biye da kusan 27. Ƙawancen AFC ya haɗu, Isufu da Jarmakoy suka mara wa Nafarko baya, ya ci da kashi 54. Isufu ya zama firaminista, Jarmakoy ya samu shugabancin majalisa. A 1999 Nafarko ya zo na uku, ya bi Tanja, Tanja ya ci, Nafarko ya hau kujerar majalisa. A 2004 aka maimaita haka. A 2011 Hama Amadu ya zo na uku, ya bi Isufu, Isufu ya ci, Hama ya hau kujerar majalisa. A 2021 Seini Umaru da Albade Abuba suka bi Bazum, ya ci da kusan kashi 56, Seini ya hau kujerar majalisa.

Wanda ya zo na uku shi ke naɗa sarki, kuma tukwicinsa sananne ne. Wace magana ɗan takara zai yi cikin awa biyu da za ta rushe wannan lissafi?

Ɗan_Magarya:
Mushe, lissafinka ya yi kyau amma ka tsallake wani wuri. A wannan zaɓen na ƙarshe Nafarko kashi 17 ya samu ranar 27 ga Disamba 2020, ranar 21 ga Fabrairu ya tashi da 44. Duk waɗannan mutane shugabanninsu ne suka aiko su? Akwai waɗanda suka zauna suka yi tunani da kansu. Irin waɗannan su ake nema da muhawara.

Mushe_Issa:
Ɗauki alƙalami. Bazum 39, Seini kusan 9, Albade 7. Tara su. 55. Nawa ya samu a ƙarshe? To ka gani.

Ɗan_Magarya:
Na tara. Amma ba su biyu kaɗai suka bi shi ba, akwai ƙananan jam'iyyu da dama. Da kowa ya bi umarnin shugabansa da ya zarce haka. Ke nan wasu sun zille a hanya.

Nana_UAS:
Ina wuninku iyayena da yayyena. An yi bincike a kan wannan tambayar, kuma kowane ɓangare zai samu abin riƙewa.

Wasu masana biyu, Caroline Le Pennec da Vincent Pons, sun tattara bayanan zaɓuka 62 a ƙasashe 10, da muhawarar tele 56. Sun tarar mutane da yawa sai a watanni biyu na ƙarshe suke tsai da wanda za su zaɓa, amma ba muhawarar ce ke sa su tsayarwa ba. Kafin a yi ta da bayan an yi ta, kusan duk ɗaya. Wannan naka ne, Yaya Ɗan_Birni. Sai dai ƙasashen duk na masu hali ne, irin su Jamus da Kanada da Ingila, inda kullum ɗan takara yana cikin jarida da tele. Ranar muhawara ba wani sabon abu da za ka ji.

Na biyun a Saliyo aka yi shi, a zaɓen ƴan majalisa na 2012. Aka ɗauki muhawarar ƴan takara na mazaɓu 14 a bidiyo, aka riƙa yawo da majigi ƙauye-ƙauye ana haska wa mutane. Waɗanda suka kalla sun fi sanin ƴan takarar da abin da kowa ya tsaya a kai, wasu kuma sun karkata ga wanda ya fi yin bayani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina: depitocin da suka shiga muhawarar, bayan sun ci, sun fi komawa mazaɓunsu suna zama da jama'a, sun fi kashe kuɗin mazaɓa a kan aikin da ake gani. Yanzu mu da wa muka fi kama, Jamus ko Saliyo?

Kabu_Sabongari:
Ƴar jami'a ta iso, kowa ya gyara zama.

Alhaji_Kwari:
Ni da nake zirga-zirga tsakanin nan da Kano bari in ba ku na Najeriya. A 2011 an yi muhawara a tashar NN24. Buhari ya je, Ribadu ya je, Malam Ibrahim Shekarau ya je, Jonathan bai je ba. Duk wanda ya kalla ya san Shekarau ne ya ɗauki ranar. Har ƴan kudu da ba su taɓa jin sunansa ba suka riƙa yabonsa. A kasuwa mako guda ba a maganar komai sai ita. Da aka ƙirga ƙuri'a bai kai miliyan ɗaya ba, ko Kanon da yake gwamna bai ci ba. Jonathan da ya ƙi zuwa ya kwashi sama da miliyan 22.

A 2015 Buhari ya ƙi zuwa, ya ci. A 2019 bai je ba, Atiku ya zo har wurin, da ya ga babu Buhari ya juya, aka bar ƙananan ƴan takara uku suna ta turanci, Buhari ya sake ci. Tinubu ma a 2023 ya kauce wa irin waɗannan zama, shi ke kan kujera. A can dai, wanda ya san yana gaba ba ya zuwa.

Ɗan_Magarya:
Alhaji, ai wannan hujjata ce ba taka ba. In ba ta da tasiri me ya sa suke gudunta? Ba a gudun abin da ba ya cizo.

Alhaji_Kwari:
Suna gudunta don ba riba a ciki, sai dai asara. Ɗan kasuwa ba ya shiga cinikin da in ya yi kyau uwar kuɗi kawai zai mayar.

Hajiya_Zango:
Ku duka kuna ta magana kamar kowa na da tele da kuran. Ku fita bayan gari kaɗan, Mirya, Dungas, ƙauyukan Tanut. Fiye da kashi 80 na ƴan ƙasar nan a karkara suke, masu wuta a gida kuwa wajen mutum ɗaya ne cikin biyar. Ko mu nan cikin gari, lokacin zafi kana tsakiyar kallo sai ɗif.

Sannan da wane harshe za a yi? Lokacin da CSC, hukumar kula da kafofin watsa labarai, ke raba wa ƴan takara mintoci a Tele Sahel da Muryar Sahel, in aka fara faransanci mai kauri, mu mata tashi muke mu koma madafa. Ba don ba mu da hankali ba. Ni na yi sana'a na aurar da ƴaƴa, na san wanda ke yi mini ƙarya in ya yi da harshen da nake ji. Amma in mutum biyu masu kwat suna jifan juna da lambobin kasafi da faransanci, wannan zancen ƴan Yamai ne, su da ƴan bokonsu.

Nana_UAS:
Mama, gaskiyarki. Na Saliyon ma da Kiriyo aka yi, harshen da ake ciniki da shi a kasuwarsu. Kuma tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki. Ke nan ba wanda zai kawo uzuri.

Kolo_Gure:
A yi da Hausa, mun yarda, duk muna ji. Amma a tuna da Zabarmawa da Buzaye da mu Barebari. Tsohuwata a ƙauye Hausarta ta gaisuwa ce kawai. A fassara a gidajen rediyon karkara washegari.

Jauro_Belbeji:
Kolo, kai ko an fassara maka da Barbarci ba ganewa za ka yi ba, ka bar wa iyayen gidanka Fulani su zaɓa maka 😂

Kolo_Gure:
Ji bawana! Kai da ranar zaɓe kana daji bayan shanu, sai an rufe rumfa ka zo kana tambaya ko an fara.

Malam_Garin_Malam:
Assalamu alaikum. Ni tsorona daban ne. Ya tabbata a hadisi cewa daga cikin iya bayani akwai sihiri. Akwai mutumin da zai yi magana ka ji kamar ka ɗauke shi a ka, alhali ko amanar dala biyar ba za a ba shi ba. Akwai kuma mai nauyin baki, in ya tsaya gaban mutane harshensa ya sarƙe, amma ka ba shi aiki ka ga aiki. Muhawara tana fifita na farko a kan na biyu. Mutum tarihinsa ake bi: ina ya riƙe, me ya bari a wurin, maƙwabtansa me suke faɗi a kansa.

Ɗan_Magarya:
Allah ya gafarta Malam, ina neman ƙarin haske, ba jayayya ba. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ai sai da sarki ya sa aka zo da shi ya yi magana da shi, sannan ya ce masa daga yau kai mai matsayi ne amintacce a wurinmu. Kuma shi da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya faɗi dalilinsa: tsaro da sani. Ashe jin bakin mutum kafin a ba shi amana yana da asali.

Malam_Garin_Malam:
Madalla da wannan. Amma ka lura, kafin sarki ya yi magana da shi sai da aka binciki abin da ya faru a baya, matan suka ba da shaidar tsarkinsa. Bincike ya riga magana. In za a yi haka, ba ni da ja.

Inna_Karakara:
Ni in an yi wannan zaman, tambaya ɗaya gare ni: ruwa. Tun ina amarya ake yi mana alkawarin ruwa a garin nan, yanzu jikokina ke bin ƴan garuwa. Watan Afrilu da Mayu yara su kwana a layin pampo da jarka, da safe su tafi makaranta suna gyangyaɗi. Kowane ɗan takara ya zo mitin sai ya ce matsalar ruwan Damagaram ta ƙare. A mitin ba mai iya ce masa "ta yaya?" Makaɗa na kiɗa, maroƙa na kirari, ya ɗaga hannu ya shige mota.

Tela_Habu:
Wallahi Inna kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Unguwarmu sai ƙarfe uku na dare yake zuwa, in ya zo.

Kabu_Sabongari:
Ku da yake zo muku ma.

Jauro_Belbeji:
Ku zo ku ga inda mutum da dabba ke layi a rijiya ɗaya, sannan ku yi kuka.

Admin_Zaure:
Jama'a, maganar ruwa tana da nata zaure, mun sha yinta. A dawo kan tambayar Ɗan_Birni. Kuma tunatarwa: tarihi da ra'ayi muke tattaunawa, ban da cin mutuncin kowa, na da ko na yanzu. Wanda ya saka zagi zan goge.

Nana_UAS:
Admin, a yi haƙuri, amma maganar Inna ba ta fita daga layi ba. Ita ce ma zuciyar zancen. Bambancin mitin da muhawara ke nan: a ɗaya ba mai ce maka "ta yaya, da wane kuɗi, zuwa yaushe". In mutum ya faɗi wata da shekara gaban abokin hamayyarsa, an naɗa, bayan shekara biyar ana iya kunna masa.

Mushe_Issa:
A kunna masa, sai me? Alkawuran mitin ma duk suna cikin wayoyin mutane. Wa ya taɓa faɗuwa zaɓe don an kunna masa tsohuwar muryarsa?

Baba_Mai_Ritaya:
Ƴaƴana, ku bari tsoho ya sa baki. Yawancinku ba a haife ku ba lokacin taron ƙasa na 1991. Daga 29 ga Yuli har 3 ga Nuwamba ana zaune a Yamai, ɗan garin nan Farfesa Andre Salifu, wanda jami'arku ke ɗauke da sunansa, shi ke jan zaman. Rediyo na watsawa. Ban taɓa ganin mutanen Damagaram sun manne wa rediyo kamar wannan lokacin ba. A Kasuwar Dole mai awo na awo, rediyo na rataye a wuyansa. A buro aiki ya tsaya. Wanda ya ji faransanci yana fassara wa goma. Manyan da a da ba ka isa ka ɗaga ido ka dube su ba, aka riƙa kiransu suna amsa tambaya.

Ba zan ce muku wannan ne ya sa wane ya ci a 1993 ba. Abin da na gani da idona shi ne tsoro ya fita daga zukatan mutane. Talaka ya gane ashe babban mutum ma yana in'ina in an matsa shi. Mushe Issa yana ƙirga ƙuri'a, lissafinsa kuma daidai ne. Amma akwai abin da ba ya shiga akwati. Wanda ya saba ganin ana yi wa shugaba tambaya, gobe shi ma zai yi wa magajin gari.

Saboda haka masu cewa mutanenmu ba sa sauraron dogon bayani, ban yarda ba. Wata uku muka saurara.

Hajiya_Zango:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Na tuna lokacin, mahaifinmu har batir yake saye da kwali.

Sani_Greensboro:
Gaisuwa daga Amurka. Yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙo fiye da ƙima. Masu cewa ba ta da tasiri, ina kuke ranar 27 ga Yuni 2024? Biden da Trump a Atlanta. Mun kalla tare da ƴan uwa ƴan Nijar a nan. Tun mintocin farko ɗakin ya yi tsit, muryar Biden ba ta fita, yana fara magana yana ɓacewa a tsakiya. Ranar 21 ga Yuli ya janye daga takara. Shugaba mai ci, dare ɗaya ya raba shi da takara. Shekara da shekaru mutanensa na cewa lafiyarsa ƙalau, minti 90 suka tona.

Mushe_Issa:
Sani, ka dubi wanda ya cire shi. Ba masu ƙuri'a ba ne, ba a kai ga zaɓe ba ma. Manyan jam'iyyarsa ne da masu ba da kuɗi suka tsorata suka matsa masa. Falon dare ke nan irin nasu. Sannan ka ƙarasa labarin mana: a watan Satumba Kamala Harris ta kara da Trump, mutum wajen miliyan 67 suka kalla, ƙuri'ar jin ra'ayi ta ce ita ta yi rinjaye. Wa ya ci a Nuwamba? Haka Hillary Clinton a 2016, sau uku ana cewa ta kada shi, na farkon ma mutum miliyan 84 suka kalla. Wa ya shiga fadar?

Sani_Greensboro:
Na yarda da rabin maganarka. Ba ta sa a ci, amma tana iya sa a faɗi. Kuma manyan jam'iyyar ba su tsorata a banza ba, sun san abin da jama'a suka gani.

Tela_Habu:
Ni na taɓa ji a wani shiri cewa a 1960 waɗanda suka saurari Kennedy da Nixon a rediyo sun ce Nixon ya ci, waɗanda suka kalla a tele suka ce Kennedy, don Nixon na ta gumi. Ke nan kyan fuska ake zaɓa ba magana ba.

Nana_UAS:
Kawu Habu, wannan labarin ya yaɗu sosai amma ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Daga wani ɗan ƙaramin jin ra'ayi guda ɗaya ya samo asali, masana da yawa ba su gamsu da shi ba. Abin da ya tabbata: an yi ta ranar 26 ga Satumba 1960 a Chicago, Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya rame. Kennedy ya ci zaɓen da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu 120 ba cikin kusan miliyan 69. In rata ta yi ƙanƙanta haka, komai ma ana iya cewa shi ya jawo. Bayan muhawarorin wannan shekarar sai 1976 aka sake yin wata.

Tela_Habu:
To ko ma dai mene ne, ni na san ɗinki na aiki. A sa wa mutum babbar riga ta shadda mai aiki a ga ko ba a saurare shi ba.

Kabu_Sabongari:
Ku bar wahalar da kanku. Abin nan kokowa ce. Ranar gasar takobi kowa ya zo da ɗan kokowar jiharsa a zuciya. In ya kayar, ƙarfi ne. In an kada shi, alƙali ne ko asiri. Ka taɓa ganin Badamagare ya koma goyon bayan Dosso don nasu ya fi iya kamu?

Tsohon_Ɗan_Abijan:
Wani abu da ake yawan faɗi shi ne wai muhawara na kwantar da hankali, magoya baya su ga shugabanninsu na gaisawa. Ina Abijan a 2010. Ranar 25 ga Nuwamba Gbagbo da Ouattara suka tsaya a tashar gwamnati, cikin ladabi da girmama juna, har muka ce alhamdu lillahi an wuce wurin. Bayan kwana uku aka yi zaɓe. Abin da ya biyo baya ya ci rai wajen 3000, mu baƙi muka tsira da rigar jikinmu. Tun daga nan murmushin ɗan siyasa a tele ba ya ruɗa ni.

Ɗan_Magarya:
Allah ya kiyaye gaba. Amma ga Benin nan kusa, a 2016 Talon da Zinsou sun yi tasu lafiya, Zinsou yana firaminista kuma shi ya zo na ɗaya a zagayen farko, Talon ya zo ya ci da kashi 65, Zinsou ya kira shi ya taya shi murna.

Mushe_Issa:
Ka sake kawo mini hujja da hannunka. Wa ya zo na uku a Benin? Ajavon, da wajen kashi 23. Wa ya bi? Talon. Kuma ranar da suka yi zagaye na biyu, 20 ga Maris 2016, ita ce ranar da muka yi namu. Ka tuna yadda namu ya kasance? Hama Amadu yana tsare a gidan kason Filinge duk tsawon yaƙin zaɓen farko. Bai yi mitin ko ɗaya ba, balle muhawara. Ya samu kusan kashi 18, ya shiga zagaye na biyu. Mutum ko bakinsa ba a ji ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da mutanenmu ke zaɓa.

Alhaji_Kwari:
Kuma a zagayen farko ta yaya ma za a yi? A 2020 mutum 30 suka tsaya. In kowa an ba shi minti biyar, awa biyu da rabi ke nan ba a yi tambaya ta biyu ba.

Ummu_Halima_Mirya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ɗan_Birni ya ce a fito in akwai wanda ya taɓa sauyawa. Ga ni. Ba na shugaban ƙasa ba ne, na kansila ne. Wani gidan rediyo mai zaman kansa ya haɗa ƴan takara ana bugo waya, da Hausa. Wanda gidanmu duka ke bi, har zanensa na ɗinka, wata mata ta bugo ta tambaye shi maganar ɗakin haihuwa na ƙauyensu da ba ungozoma da dare. Sai ya yi dariya ya ce ta bari maigidanta ya bugo. Ina tankaɗe na ajiye rariya. Ɗayan kuma, yaro ne ma, ya tambaye ta sunan ƙauyen, ya ce ba zai yi mata alkawarin abin da ba ya hannun kansila ba, amma ga ofishin da ake kai kuka, ga yadda ake rubutawa. Shi na zaɓa, da zanen wancan a jikina. Ban faɗa wa kowa a gida ba sai yau da nake faɗa muku.

Hajiya_Zango:
Kin burge ni ƴata. Kuma irinki suna da yawa, shiru kawai muke. Maza na tsammanin in an raba zane da sabulu an gama da mu.

Ɗan_Birni:
Ummu Halima na gode, kin amsa kira. Amma kansila daban, shugaban ƙasa daban. Kansila kin san gidansu, jam'iyya ba ta da nauyi sosai a wurin. A na shugaban ƙasa akwai jiha, akwai "namu ne", akwai abin da kakanni suka bi. Har yanzu ina jiran wanda ya sauya a babban zaɓe.

Sani_Greensboro:
Ba zai fito ya faɗa a nan ba, ƴan fadarsu na cikin zauren 😂

Kolo_Gure:
Wani abin da ba a taɓo ba: yanzu ba mai zama ya kalli awa biyu. Washegari za a yanko daƙiƙa talatin inda mutum ya yi tuntuɓen harshe, a ɗora kiɗa, a watsa a WhatsApp da TikTok. Wanda ya fi yaran da suka iya yanka shi ya ci. Ƙauyenmu saƙon murya ya fi rediyo gudu yanzu.

Baba_Mai_Ritaya:
Shi ya sa zaɓen mai yin tambaya ya fi komai wuya. In ɗan jaridar albashinsa na hannun ɗaya daga cikin masu amsawa, an gama. Zai yi wa wannan tambaya mai ƙaya, ya yi wa wancan "ranka ya daɗe, yaya ka yi ka samu wannan nasara".

Inna_Karakara:
A ba ni makirfon ni in yi. Ba na cin albashin kowa.

Jauro_Belbeji:
Ni ma a ba ni minti biyu a kan burtali da gonakin da suka cinye shi. In ɗan takara ya san ma mene ne burtali, na ba shi ƙuri'ata.

Nana_UAS:
Mushe Issa, tambaya ɗaya don Allah, ba raini. Ka ce shugaban jam'iyya na cewa "mun bi wane" kowa ya bi. Kai da ka san duk waɗannan alƙaluma a ka, a zaɓukan da ka yi, ka taɓa saɓa wa umarnin taka jam'iyyar a zagaye na biyu?

Mushe_Issa:
Ƙuri'a sirri ce, ƴata.

Ɗan_Magarya:
Ya zille! Mushe ya zille! Admin a rubuta.

Mushe_Issa:
Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kuma ko da na saɓa, ba tele ce ta sa ni ba, albashin wata uku da ba a biya mu ba ne.